Motar da Inna ta Wanke

Maigidana direban lori ne, yana ɗauko riɗi da dawa daga gonakin Ƙala'at an-Nahal zuwa kasuwar Gadarif. Bai taɓa damuwa da kayan ƙawa ba. Shi ya sa ranar da ƙaninsa ya dawo daga aiki a Jidda ya miƙa masa wani kwali, na ɗauka dabino ne ko turare. Ana buɗewa sai ga 'yar mota cikin akwatin gilashi, tsawonta bai kai kamu biyu ba. Shuɗiya ce mai ratsin ruwan lemo, da lamba a ƙofa, ta kwanta da ƙasa kamar ƙadangare.

Abin da ya ɗaure mini kai, da dauɗarta ta zo. Gabanta duk baƙin hayaƙi, gefenta feshin taɓo, gilashinta har da ɗigo-ɗigo kamar ƙwari sun mutu a kai. Ƙanin ya ce haka aka ƙera ta. Wai kwaikwayon wata motar tsere ce ta zamanin da, irin waɗanda ke yini su kwana suna gudu a ƙasar Turai, kuma dauɗar fenti ce, an zana ta yadda motar take lokacin da ta gama tseren. Masu tara irinsu sun fi neman mai dauɗar.

Surukata, wadda muke kira Inna, tana zaune a kan angarib, gadon igiyarta, tana saurare.

Ta ce, "To ina suke zuwa?"

Ƙanin ya ce, "Ba inda suke zuwa, Inna. Zagaye suke yi."

"Kakanku da ƙafa ya taso daga Kano ya nufi Makka. Bai kai ba, amma ai ya zo Gadarif. Su kuma da mota, a kwana ana gudu, a sauka inda aka hau? Allah Ya kyauta."

Maigida bai ji ta ba ma. Ya durƙusa yana leƙa 'yar kujerar direba da ɗan sitiyarin. Ya kwashe kofunan shayin aurena daga saman kabad, ya ɗora akwatin a wurinsu. Abokansa direbobi kan zo shan jabana, gahawarmu ta nan, a rumfar ƙofar gida, shi kuma ya fito da ita riƙe da hannu biyu kamar jaririya. Ɗaya ya tambayi buhu nawa take ɗauka, wani ya ce in ta isa ta gwada hanyar Basunda da damina. Duk ya haƙura da su, amma bai yarda kowa ya ɗaga gilashin ba.

A wannan shekarar, Babbar Sallah ta faɗo daidai yankan riɗi, maigida ya tafi gona sai jajibiri zai dawo. Muka shiga gyaran gida, ni ina wankin labule, Inna ta ɗauki ɗakin baƙi. Can na ji shiru ya yi yawa, na leƙa bayan madafa. Inna ce tsugune gaban kwano, ga toka, ga sabulu, ga soson ƙarfe, tana dirzar motar kamar gindin tukunya.

Na ce, "Inna, wannan dauɗar ai ado ce!"

Ta ɗago ta dube ni. "Ke 'yar nan, tun zuwanta nake kallonki ko za ki goge ta. Baƙi su shigo ranar Sallah su ga ƙazanta a saman kabad, wa za a zaga? Ni ko ke?"

Ta ci gaba da dirza har ta gama. Motar ta fito fes, tana ƙyalli. Lambar ƙofa ɗaya ta tafi, madubi guda ya bi ruwan wanki zuwa kwata. Inna ta shanya ta a rana kusa da cokula, ta shafa mata ɗan man riɗi don ta ƙara sheƙi, sannan ta mayar da ita akwatinta.

Da maigida ya dawo, ko takalmi bai cire ba ya nufi kabad. Ya daɗe a tsaye. Shi ne ɗan fari, Inna ba ta kiran sunansa, sai ta yi magana da ni tana kallon bango.

"Gaya wa yaron nan ba sai ya gode ba. Hannuna ne kawai ya ɗan yi tsami."

Maigida ya juyo wajenta. Ya durƙusa ya ce, "Sannu da aiki, Inna. Allah Ya saka." Ya fita rumfa ya zauna, ranar ko abinci bai ci da kirki ba.

Bayan Sallah ya ce zai mayar mata da dauɗarta. Ya ɗebo baƙin laka daga tayar lori, ya haɗa da tsohon man inji da baƙin tukunya, ya sami buroshin haƙori. Ya yini a rumfa yana fesawa yana ja da baya yana dubawa, harshe a waje. Da ya gama ya kira ni in gani. Na ce masa gaskiya ta fi kama da wadda ta faɗa rijiya, amma shi ya gamsu. Ya ce wancan taɓon Turai na ƙarya ne, wannan kuwa na gaske.

Washegari da hantsi Inna ta shiga ɗakin baƙi, ta yi salati. Ta ƙwala mini kira in kawo toka. Maigida na shirin fita, ya jiyo. Ban taɓa ganin ya yi gudu irin na ranar ba. Ya riga ni shiga, ya sungumi akwatin, ya ce, "Inna, aiki zan kai ta."

Tun daga ranar motar ta koma cikin lori, ya ɗaure akwatin da roba a gaban sitiyari. Matakalar lorin ta yi wa Inna tsawo, gwiwoyinta ba sa hawa. Sau biyu na kama ta tana zagaya lorin da tsumma a hannu, tana neman wanda zai ɗaga ta.