Asusun da Unguwa Take Ara

A layinmu na unguwar Mardjandafak ni kaɗai nake da asusu a banki. Ba fin kowa kuɗi na yi ba, takalman roba nake sayarwa. Haihuwar garin ne ni, takarduna cikakku. Saboda haka fataken Nijar masu shige da fice, duk wanda zai aika kuɗin kaya Dubai ko Kwatano sai ya kawo mini in tura da sunana. Haka muka saba, kamar aron tabarma ranar suna, ko sisi ban taɓa karɓa ba.

Wata safiya, shekara ta dubu biyu da 'yan kai, ma'aikacin banki ya ja ni ofis ya rufe ƙofa. Wai hukumar wata ƙasa ta tambayi takwararta ta nan yadda aka yi mai takalman roba yake tura irin waɗannan kuɗi. Ya jero mini ranaku da garuruwa, har da aiken da na yi wa wani mai shanu a asirce. Ya ce yanzu ƙasashe suna musayar bayanai kan kuɗin haram, kuma an rufe asusuna sai an gama bincike.

Na ji ya raina mini wayo. Ofishin da takarda take wata uku kafin ta tsallaka tebur, shi ne zai yi hira da Dubai? Wani dai ya kai ƙarata. Zancen mai shanun nan kuwa mutum ɗaya na gaya wa, aminina ɗan Damagaram, wanda muka shekara ashirin muna ci a kwano ɗaya.

Na sa masa ido. In ya yi fara'a in ce munafunci ne, in ya yi shiru in ce kunya ta kama shi. Ran nan ya zo rumfata yi mini jaje, a gaban mutane na ce, "Kalas, ya isa haka, Malam. Nawa suka ba ka?"

Ya dube ni. "Ni, Alhaji?" Iyakar abin da ya ce ke nan, ya tashi.

Bayan wata huɗu aka buɗe asusun. Ma'aikacin ya baje mini takardun da aka bi, duk rasitai ne masu ɗauke da sa hannuna. Babu bakin kowa a ciki. Kunya ta rufe ni, na hau tasi zuwa unguwar Walia inda aminin nawa yake haya, aka ce ya kwashe iyalinsa ya koma gida.

Sau uku ina aika masa wasiƙa. Ta ukun aka amsa, da rubutun ɗansa, yana sanar da ni ranar sadakar arba'in ta mahaifinsa.