Zafin da Ya Dafa Alkamar Kawu a Tsaye

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ni da ƙanena da ke tuƙi, amma sammakon bai amfane mu da komai ba. Muna isa bakin gari muka tarar da motoci jere a gefen titi, kowa na jiran gari ya waye sosai, don yanzu ba mai shiga hanyar gabas da duhu. Ɗan sanyin safiyar da muka hana idonmu barci dominsa, a zaune muka ƙarar da shi muna kallon mai shayi yana fifita wuta. Ko da muka motsa, rana ta riga ta leƙo, kuma da fushinta ta fito.

Ga waɗanda suka yi ta tambayar inda na shige kwanakin nan, ga abin da ya faru. Ina da kawu mai suna Nomau a Boyekai, ta ƙasar Goronyo, wan mahaifiyata ne, manomi, shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Aka kira ni aka ce ya yanke jiki ya faɗi a fadama, a kan amalanke aka kawo shi gida, kuma ya rantse babu asibitin da za shi. Sai muka shirya mu je mu taho da shi, ko da lallashi ko da rigima.

Abin da ya ɗaure min kai, watan Fabrairu ma bai ƙare ba. A da, iyanzu tsofaffi na jin wuta da safe, yara na gudun wanka. Bana sanyi bai gama gaisawa da mutane ba ya tattara ya tafi, zafin tsakiyar bazara ya sauka gaba ɗaya. Ya riga mangwaro zuwa. Dogon yaro ya zubar da ganye bai sake sabo ba, saboda haka ko inuwar da za a fake a cikinta ba ta shirya ba.

Muka fara biyawa ta Rabah don mu ɗauki 'yar Kawu da ke aure can. Mun same ta tsaye a ƙofar gida da kwanon fura a hannu, idanunta sun kumbura. A tasha muka karya da ƙosai da kunu. Ruwan leda iri biyu ne a wurin: mai sanyi, wanda kuɗinsa ya ninka, da wanda ba a sa wa ƙanƙara ba, wanda in ka jefa ganyen shayi a ciki ka gama haɗa karin kumallo. Ƙanƙarar daga birni ake kawo ta a buhu, ana sara ta da wuƙa ana sayarwa gunduwa-gunduwa kamar nama. Duk tashar nan mai ƙanƙara kaɗai na ga yana fara'a.

Daga Rabah muka nufi Wurno. Hanyar ta bi ta kan tudu, jan dutse dama da hagu, kuma dutsen nan ba ya riƙe zafi shi kaɗai, mayar maka da shi yake a fuska. In ka rufe gilashi ka dahu, in ka buɗe iska ta mare ka kamar an buɗe bakin tanderu. Wajen Lahodu motar ta fara hayaƙi, dole muka tsaya kusa da wata rijiya. Mata da masu dabbobi sun kewaye ta, igiyar gugar duk ƙulli ne, alamar an yi ta ƙara mata tsawo. Wani dattijo ya sa aka ba mu hanya muka cika jarka. Na yi masa sannu da zafi, sai ya girgiza kai.

"Wanga zahi ba namu na ba, ɗana," in ji shi. "Namu shina sallama kamin shi shigo."

Da hantsi ya ɗaga sosai muka shiga Wurno, warin albasa ya tare mu tun daga nesa. Ba ƙamshin sabuwar albasa ba, warin wadda ta fara ruɓewa. Manoma sun yi ta haƙa da gaggawa don kada ta lalace a ƙasa, ga ta nan tsibi-tsibi an lulluɓe da zana, tana zubar da ruwa ta ƙasa. Masu saye kuwa suna kishingiɗe a ƙarƙashin manyan motocinsu da lemo mai sanyi, ba sa ko tayawa. Sun bar rana ta yi musu ciniki. Na ga wani magidanci ya je wurinsu ya dawo, ya sake komawa ya dawo, kowace tafiya kafaɗarsa na ƙara sauka. Daga ƙarshe na ga an fara loda buhunansa, shi kuma ya juya baya yana kallon bango.

Mun sayi shinkafa da wake da mai da yaji, amma ba wanda ya ci rabi. Furar da 'yar Kawu ta damo wa mahaifinta tuni ta yi tsami ta kumburo har ta ɗaga murfin kwano. Ƙanena ya ce ko fura ma so take ta gudu daga ƙasar nan. Shi ne kawai lokacin da na ga ta yi murmushi a tafiyar.

Muka wuce ta Dinawa, gari tsit kamar an yi shara, awaki sun manne da jikin katanga suna haki. A Goronyo muka yi azahar. Ruwan buta sai da na bari ya ɗan huce kafin na iya alwala, sujada kuwa kowa gajarta ta ya yi. Daga nan muka sauka daga kwalta muka kama hanyar Boyekai.

Mun tarar da Kawu kwance a zaure a kan tabarma, matarsa, wadda muke kira Inna, tana yayyafa wa wani tsohon zane ruwa tana shimfiɗa masa a ƙirji. Mutumin da na sani yana ɗaga buhun dawa shi kaɗai, ya koma kamar an matse shi. Leɓɓansa sun tsage, ƙafafunsa sun kumbura. Da ya gan mu sai ya yunƙura zai zauna.

"Mi yak kawo ku cikin wagga rana? Wa yam mutu?"

"Ba kowa, Kawu. Kai munka zo ɗauka."

"To kun sha rana banza."

A tsakar gida Inna ta ba ni labarin. Babbar gonarsa ta tudu, inda yake samun gero da dawar shekara, tana can cikin daji, kuma an daɗe ba mai iya zuwa saboda 'yan bindiga. Ɗan abin da ya noma a bayan gari da damina bai kai ko'ina ba. Sai ya tattara duk ƙarfinsa ya zuba a alkamar rani a fadama. Alkama kuwa sanyi take so, musamman lokacin da take zuba ido. Daidai lokacin zafin ya sauka. Kawu ya shiga ba ta ruwa safe da rana, wai ko ƙasa ta yi sanyi. Da man injin ban ruwa ya gagare shi, sai ya koma ɗiba da jarka daga rami yana zubawa da hannu, tun hantsi har bayan azahar, tsoho da shi. Ga shi da dare ba hutu, don tsoro ya hana kowa kwana a waje kamar da; sai a kulle ɗaki a kwana ana juyi cikin gumi. Ranar da ya faɗi, maƙwabcin gonarsa ne ya hango jarka a yashe ba mai ita.

"Tun rannan hitsarinshi kamar shayi," in ji Inna, ta rage murya. "Kuma ɗan kaɗan. Ku tai da shi, don Allah, ni ba ya jin maganata."

Muka yi ta fama da shi, 'yarsa har da kuka. Daga ƙarshe ya ce ba inda za shi sai ya ga alkamarsa da idonsa, don tun da ya kwanta kowa ce masa yake tana nan lafiya.

Bayan la'asar muka sa shi a mota har inda hanya ta ƙare, sannan muka riƙe shi ni da ƙanena muka ƙarasa. Daga nesa gonar gwanin sha'awa, ta yi jawur tana sheƙi. Ƙanena, ɗan birni, ya ce, "Masha Allahu, Kawu, ai ta nuna!" Kawu ya miƙa hannu. Ya tsinko zangarniya ɗaya, ya murza a tafin hannu, ya hure. Abin da ya rage 'yan ƙwayoyi ne sirara, a yamutse, ba nauyi. Ya sa muka matsa da shi tsakiyar gona ya sake. Ya sa muka kai shi gefen rami, inda ya fi zuba ruwa, ya sake. Duk ɗaya.

"Ba nuna tay yi ba," ya ce a hankali. "Dahuwa tay yi tsaye."

Gonakin maƙwabta ma haka suke, in ban da mutum ɗaya ko biyu da suka yi shuka da wuri. Aka ce lokacin da alkamar ke kore shar, wasu manyan mutane cikin motocin alfarma sun zo sun tsaya a cikinta an ɗauke su hoto, sun yaba wa manoma, sun yi alkawura. Tun da ta fara ƙonewa ba a sake ganin ƙurar motar kowa ba.

Washegari da sassafe Kawu ya aika a kira masa wani Bafulatani da ke zaune da shanunsa a gefen gari. Sa'ansa ne, kuma sun shekara da shekaru suna faɗa a kan shanun nan, don duk rani sai sun yi masa ɓarna sau ɗaya ko biyu. Na ɗauka wata tsohuwar rigima zai tayar. Sai ya ce a mayar da shi fadama, mutumin kuma ya biyo mu da garkensa. Shanun duk haƙarƙari a waje. Da muka isa, Kawu ya saki kafaɗata, ya kama ƙayar shingen da hannunsa ya ja gefe.

Bafulatanin ya tsaya turus. "Nomau, ji tsoron Allah. Abinci na fa."

"Abincin shanu na yanzu. In na yanke ta, ko ladan masu sussuka ba ta hiddawa. Kora su, ko su su amfana."

Mutumin ya daɗe bai motsa ba. Shanun ne ba su jira shi ba. Suka kutsa ta kafar, muka ji ƙarar karan alkama na karyewa ƙarƙashin kofato, ƙaras-ƙaras, ko'ina. Makiyayin ya cire malfarsa ya riƙe a ƙirji kamar mai tsayuwa a jana'iza. Kawu ya kalla har suka kai tsakiyar gona, sannan ya ce, "Mu tahi."

Dawowar ba ni da abin faɗa a kanta da yawa. Kawu na kwance a baya, kansa a cinyar 'yarsa, tana jiƙa zane tana goga masa, zanen na bushewa kafin ta rufe jarka. A haka muka taho tun daga Boyekai har muka hango Sakkwato. A asibiti aka yi gwaje-gwaje, aka ɗaura masa ruwa. Likitar, wata matashiya mai ladabi, ta ce ƙodarsa ta taɓu saboda zafi da ƙarancin ruwa a jiki, za a yi magani, amma daga yau ya yi sallama da aiki cikin rana.

Kawu ya dube ta. "To ɗiyata, gwada min inda aka noma cikin inuwa, in koma can."

Ta sunkuyar da kai tana gyara robar ruwan da ba ta buƙatar gyara.

Da na dawo gida na tarar ba wuta, maƙwabcina na zaune a ƙofa yana fifita da kwali. Na fara ba shi labari, sai ya katse ni da cewa ai mu Sakkwatawa mun saba da zafi. Na wuce ciki, don da na tsaya da mun ɓata. Wannan tafiya ta koya min cewa wanda muka saba da shi yana da lokacinsa, kuma duk dabarar manomi a kan sanin lokacin nan ta tsaya: yaushe za a shuka, yaushe za a haƙa, yaushe za a fake. In lokacin ya rikice, tsoho mai furfura ya zama baƙo a gonarsa. Ta kuma koya min cewa rana ɗaya ce ke bisa kanmu, amma ba daidai take cin mu ba. Wani tsadar ƙanƙara ce kukansa, wani abincin shekara, wani ƙodarsa. Masu cewa an saba, yawanci daga inuwa suke faɗa.

An sallamo Kawu, yana nan ɗakina yana shan magani. Jiya da safe ya fito ƙofa ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce in kira Inna in gaya mata kada kowa ya taɓa irin geron da ya rataye a rumbu, damina na tafe. Na koma gefe na kira ta. Sai ta ce tun yana kwance a zaure suka fara daka shi, don ba abin da za a ɗora a wuta.

Da na dawo ya tambaye ni ko na faɗa mata. Na ce na faɗa. Sauran maganar har yanzu tana bakina.