Kwalin da Husna ta ƙi buɗewa

Yaya Jummai ta rasu.

Na rubuta na goge ya fi sau biyar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina tsaye a bakin famfon asibiti ina wanke hannu, zan shiga ɗakin 'yata Husna, sai ga kiran mijin Yaya, Malam Sani, daga garin Laurel, nan kusa da Washington. Ya ce, "Maman Husna, sai haƙuri, Allah ya yi wa yayarki rasuwa." Na ce wace yayar? Wallahi haka na ce masa. Ina jin kukan mata a bayansa.

Ciwon huhu ne. Kwana huɗu kacal ta yi a kwance.

Ga wanda bai sani ba, ba ciki ɗaya muka fito ba. Ita 'yar Jos ce, ni Bazazzagiya. A gidan kula da tsofaffi muka haɗu, makon da na fara aiki. Ta ji ina zagin injin ɗaga marasa lafiya da Hausa, ta leƙo ta ce, "Ke 'yar gida, bar zaginsa, ba ya ji. Danna nan." Tun daga ranar nake ce mata Yaya.

Ita ta koya min tuƙi. Na goge mata gefen mota a Upper Marlboro, ta fito ta duba, ta ce, "Da ma fentin ya ishe ni."

Ranar da na haifi Husna, ita ta dama min kunun kanwa a ƙasar da ban san inda ake samun kanwa ba.

Kowa ya san Yaya da 'yan tsana. Ba kowace iri ba, 'yan sama-jannati kawai, masu farar riga da hular kwano. Ta fara ne da guda ɗaya da ta saya a gidan tarihin jiragen sama na cikin Washington, shekarar da ta zo ƙasar nan. Ta ce tana firamare ta taɓa cewa ita duniyar wata take son zuwa, 'yan aji suka yi ta dariya har aka tashi. Daga nan abin ya zama ciwo. Ɗaki guda ta cika da su, har da ƙananan rokoki da tambarin da ake liƙawa a hannun riga.

Ni ce kan gaba wajen tsiya. In ce, Yaya, mace da jikoki tana wasan 'yar tsana? Ta ce, "Ke dai ba ki da labari."

Waɗanda ta buɗe, kitso take musu. Ƙanana-ƙanana da tsinken allura, gilashi a kan hanci, don hular kwanon ta shiga ba tare da ta ɓata shi ba. Ta ɗinka musu ɗankwali da ragowar atamfa.

Amma akwai guda ɗaya da ba a taɓawa. Baƙa ce kamar mu, tana cikin kwalinta a can saman kabad, tun daga kanti ba a taɓa yanke mata salatif ba. Su masu tara irin waɗannan haka dokarsu take: in ka buɗe kwali, ka kashe darajarsa. Jikarta ta yi kuka a kanta har da birgima, Yaya ta ce a'a. Wani Bature daga Manassas ya yi ta biyo ta, ta ce ba ta sayarwa.

To, ku da kuke bibiyata kun san Husna tana da sikila. Shekararta takwas. Wata guda ke nan muna asibiti, an yi mata dashen ɓargo. Kafin dashen sai da aka ba ta maganin da ya kashe mata duk garkuwar jiki, gashinta ya zube tas. Ɗakinta ba a shiga sai da takunkumi da safar hannu da riga. Mura kaɗai tana iya ɗauke min ita.

Likitoci suka ce ba za a shigo da kayan wasanta na gida ba. Sai sabon abu, wanda yake rufe a kwalinsa, ba hannun da ya taɓa shi.

Yarinyar nan ta juya wa bango fuska. Ta daina ci. Magani sai mun danne ta.

Na kira Yaya ina kuka, ni dai na faɗa mata ne kawai don in ji sanyi. Washegari sai ga ta da kwalin nan na saman kabad a cikin leda.

Na ce, Yaya, kin san abin da kika ɗauko kuwa?

Ta ce, "Shekara da shekaru ina hana mutane taɓa ta, ashe ajiyar Husna ce."

Nas ta goge kwalin da magani aka shigar da shi. Yaya ta sa rigar da takunkumin, ta zauna a bakin gado ta ce, "Husna, kin ga wannan? Ita ma a rufe take kamar ke. Ku biyu kuna cikin jirgi ne, kuna sama. Shi ya sa kowa yake zuwa muku da takunkumi. Ranar da likita ya ce sabon jininki ya tashi, ranar kuka sauka. Ni da ke za mu buɗe ta."

Ta ƙara da cewa 'yar tsanar ba ta jin Turanci, sai Hausa.

Yarinyar da shekara takwas ina mata Hausa tana mayar min da Turanci. Sai ga ta tana leƙa fuskar kwali tana cewa, "Kin sha magani? Ni na sha." Ta koma ci. Tana shan maganin da kanta, don kada abokiyar tafiya ta ga ragwantarta. Kullum da safe sai ta tambayi nas lambar jininta, ta faɗa wa kwali.

Sau uku na ce ta buɗe abinta ta yi wasa. Ta ce sai Anti Jummai ta zo.

Yanzu ga abin da yake cin raina, kuma zan faɗa ko da za ku zage ni.

Ranar Lahadi Yaya ta zo. Ba ta shigo ba, ta tsaya a bayan gilashin ƙofa tana ɗaga wa Husna hannu, tana nuna mata wani ɗan mitsitsin ɗankwali shuɗi da ta ɗinka. Na fito muna gaisawa, sai ta yi tari. Sau ɗaya, a cikin takunkumi.

Kaina ya yi zafi. Kun san bakina.

Na ce, "Haba Yaya, da tari za ki zo nan? So kike ki kashe min 'ya? Don Allah ki tafi gida, kada ki dawo sai kin warke."

A gaban nas-nas na faɗa, da ƙarfi.

Ba ta yi fushi ba. Ta ja da baya, ta ce, "Kin yi gaskiya, ƙanwata. Ban kyauta ba." Ta sa ɗankwalin a 'yar leda ta miƙa wa nas, ta ce a ajiye sai ranar sauka. Da ta kai bakin lif ta juyo ta ce, "Ki ci abinci, kin rame."

Ni aikina ke nan, sauraron tarin tsofaffi. Na ji wannan tarin da kunnena, daga ƙirji yake fitowa, na san irinsa. Ban ce Yaya ki sauka ƙasa a duba ki ba, alhali a cikin asibiti muke tsaye. Korarta na yi.

Ta kira ni ranar Talata ban ɗauka ba, Husna tana amai. Na ce zan kira anjima.

Jiya da yamma likita ya shigo yana murmushi. Ya ce jinin ya fara tashi, in ya ɗore haka, ranar Asabar za a buɗe mana ƙofa. Husna ta rungume kwali tana tsalle a kan gado. Na tura wa Yaya saƙo, na ce albishirinki. Har yanzu saƙon yana nan ba a buɗe ba.

Yau bayan azahar za a yi mata sutura. Ba zan je ba. Ba zan iya shiga taro in dawo ɗakin nan ba, ko gidan gaisuwa ba zan taka ba. Matar da ta wanke min 'ya ranar da aka haife ta, wasu ne za su yi mata wanka ina nan zaune a kujerar roba.

Kuma ban faɗa wa Husna ba.

Da na shiga ɗazu ta kalli idona ta ce me ya faru, na ce barci ne bai ishe ni ba. Ina tsoro, jama'a. Wallahi ina tsoro. In na faɗa mata ta sake juya wa bango fuska fa? In ta daina ci, yanzu da jinin ya fara kamawa? In kuma na yi shiru, me zan ce mata ranar Asabar, tana riƙe da kwali tana kallon ƙofa? Na tambayi likita, ya ce ni na fi sanin 'yata. Ban san komai ba.

Ya Allah ka ji ƙan Jummai. Ka yalwata mata kabarinta, ka haskaka shi, ka sa ciwon nan ya zama kaffara. Yadda ta sauko da abin da ta fi so ta ba marar lafiya, ka ba ta abin da ya fi shi a Aljanna. Ka ba Malam Sani da yaran haƙuri.

Yaya, ki yafe min. Ban sani ba ko kin tafi da maganata a ranki.

Don girman Allah duk wanda ya karanta, kada ka wuce da "Allah ya ji ƙai" na yatsa kawai. Ka ɗaga hannu da gaske, ka ambaci sunanta. In da masu zuwa jana'iza, ku tsaya min a wurin. Ku haɗa da Husna, Allah ya riƙe jinin nan. Ku roƙa min abin da zan faɗa.

Ga Husna can tana ƙwanƙwasa min gilashi. Ta ce in kira Anti in tambaye ta, in gashinta ya fito, ita ma za ta yi mata kitson da hula take shiga?

Na ce to, bari in wanke hannu.