Babban Yatsan Hagu

Shekara tara ina sayen tsofaffin motoci a wurin gwanjo guda a nan ƙasar Turawa, ina lodawa zuwa Kwatano. Wata Talata na iso da katin shigata, sai na tarar sun kafa wata 'yar na'ura a bakin ƙofa. Matar da ke tebur ta ce daga yau kati bai isa ba, sai dila ya ɗora yatsa. Ta turo mini takarda shafi huɗu, duk da Turanci.

Ni ba na sa hannu a kan abin da ban gane ba. Na ɗauki takardar na kai ta unguwar Tremont, wurin wani dattijo ɗan Kumasi da ya daɗe yana tafinta a kotu. Ya sa tabarau, yana karantawa yana tsaki.

"Alhaji, me suka ce?"

"Za su ajiye zanen yatsanka. In an sace shi daga kwamfutarsu, ba ka da ikon kai su kotu. Ku dillalai kuma ba ku haɗa kai ku yi ƙara tare. Diyyar ma sun yanke mata iyaka."

"To ni me suka ba ni?"

"Ƙofa."

"Kati in ya ɓata ana sake wani. Yatsa fa?"

"Kana da saura tara, ƙanena," ya ce, ya miƙo mini takardata.

Ban yi dariya ba. Mutanen da ke sayar maka da motar da ruwa ya ci su yi gum, su ne za su riƙe mini amanar jikina. Tun ba su yi laifin ba sun riga sun zauna da lauyoyinsu sun sassauta wa kansu hukunci.

Mako biyu na ƙi zuwa. Na gwada wani gwanjo a New Jersey, duk tarkace. Kwantena na jira babu kaya, masu saye a Maradi sun dame ni da waya.

Na koma na sa hannu. Matar ta ce in ɗora babban yatsan dama, na ce ciwo yake yi. Na ɗora na hagu, hannun da nake tsarki da shi, wanda a garinmu ko maƙiyinka ba ka miƙa wa abu da shi. Ta yi murmushi ta ce ta gode.

Ƙofar ta buɗe. Ranar na sayi mota uku, kuma har yau ban huce ba.