Jan Fenti a Jarwal

A Makka ba a yi wa kabari alama. Bayan rasuwar maigidana, abin da ya rage mini shi ne tagar katakon da ya sassaƙa wa tsohon gidan da muke haya a unguwar Jarwal.

Lokacin faɗaɗa Harami, ma'aikata suka zo suna shafa jan fenti a gidajen da za a rushe. An ce wani injiniyan Amurka ne ya zana sabon titin da zai ratsa unguwar. A ƙofarmu fentin ya ƙare. Babbansu ya daɗe yana kallon tagar.

"Hajiya, aikin wa ne?"

Na faɗa masa. Ya yi wa mamacin addu'a, sannan ya ce gobe za su dawo.