Muryar Inna a Hannun Kamfani

Lokacin da aure ya kai ni Legas, Inna ta yi min magana a kaset, tunda ba ta iya rubutu ba, ta ba wani direban motar rake daga Makarfi ya kawo min. Babu wani abin a-zo-a-gani a ciki. Gaisuwa ce, da faɗan kada in riƙa wasa da cin abinci, da dariyarta sa'ad da akuya ta katse ta. Bayan rasuwarta, kaset ɗin nan kaɗai ya rage mana mai muryarta.

Sai ƙanena ya tsoma baki. Tun da ya fara sayen hannun jari ta waya ya hana kowa sakat a gidanmu na Paki. Mutumin da ko buhun masara ya adana sai ƙwari sun cinye, shi ne ya zama malamin kamfanonin ajiyar bayanai. Kullum da labarin wanda masu zuba jari suke rububi, da wanda suka tsere suka bari.

"Yaya, kaset ya mutu," in ji shi. "Masu kuɗin duniya sun bar wajen."

Ya juye muryar a faifai. Ba a jima ba ya ce faifai ma ya mutu, ya mayar da ita memori. Daga nan ya ce jari duk ya koma wurin masu ajiya a intanet, inda wuta ba ta ci, ɓera ba ya kaiwa. Duk ƙaurar da aka yi sai ya watsar da tsohon, wai tarkace ne. Na yi faɗa har na gaji. Ni ina ruwana da inda attajirai suke kai kuɗinsu?

Bara na zo gida, na ce ya kunna wa 'yata muryar kakarta. Ya sosa ƙeya. Ashe ya manta lambar sirri, kamfanin kuma sai ta tsohon layinsa zai turo lambobin shiga. Layin ya daɗe a yashe har an sayar wa wani.

Na kira layin da kaina. Wani dattijo ya ɗauka, muka gaisa sosai, na yi masa bayani tiryan-tiryan, na roƙe shi ya karanto min lambobin da suka shigo wayarsa.

Ya ce, "Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah. Haka aka yi wa maƙwabcina aka yashe masa asusu. Yanzu har da mamaci kuke haɗawa?"

Ya kashe, ya toshe lambata. Haushi kamar in fashe, ga shi ban ga laifinsa ba. Ni ma da ba zan bayar ba.

Ƙanena ya shiga ba ni haƙuri. "Yaya, ai ba ta ɓata ba. Kamfanin yana da ƙarfi, jarinsa ma hawa yake yi."

'Yata ta ce to ni in kwaikwayi muryar ta ji. Na buɗe baki, na tarar ban tuna yadda take ba.