Yadda Bistra Ke Cewa I

Iskar garinmu Sliven ba ta gajiya. Daga duwatsu take gangarowa, ta bi lungu-lungu tana taɓa ƙofofin mutane, kuma a cikinta Bistra Chakarova ta koyi gudun sassafe tun tana 'yar shekara goma sha uku. Uwarta Stoyanka tela ce a masana'antar riguna. Hannun riga kawai take haɗawa. Shekara ashirin ba ta taɓa ɗinka riga sukutum ba.

Ɗakin damben yana ƙarƙashin wata tsohuwar makaranta, yana warin gumi da danshi. Mai horarwa wani tsoho ne mai karyayyen hanci, Grozdan, amma Bai Grozdan ake ce masa, don "Bai" muke kiran dattawa. Ranar da ta fara leƙowa, ya dube ta sama da ƙasa.

"Ajin rawa yana bene, 'yan mata."

"Na sani, Kawu. Daga can aka koro ni."

"Me kika yi?"

"Marin wata na yi."

"Mari? Allah wadai. Nan ba ma mari. Ɗaure takalminki."

Shekara tara ta yi a damben dagaji: riga ja ko shuɗiya, hular kariya a kai, turmi uku a tashi. Sau uku tana zama zakarar ƙasa. Stoyanka ta rataye lambobin a ƙusa ɗaya kusa da taga, in iska ta shigo su riƙa kaɗa juna kamar cokula.

Tana da shekara ashirin da biyu wani mai shirya wasa a Jamus ya kira ta damben ƙwararru. Bai Grozdan ya naɗe hularta a tsohuwar jarida, ya ɗora kan kabad.

"Can babu hula, 'yata, safar hannun kuma ƙarama ce. Abin da ya same ki, ke ya sama."

Wasanta na farko da la'asar aka yi shi, tun 'yan kallo na neman kujerunsu. Abokiyar karawarta bahaguwa ce mai dogon hannu. Turmi uku Bistra na gaba. A na huɗu hagu ta sauka a bayan kunnenta, sai ga ta a ƙasa. Ta miƙe alƙali na ƙirga shida. Ya kai takwas, ya goge mata safa, ya dubi ƙwayar idonta, ya tambaya ko za ta ci gaba. Ta gane tambayar sarai. Robar kare haƙora ta cika mata baki, don haka ta amsa da kai.

To, mu in mun kaɗa kai gefe da gefe, i muka ce. In mun ɗaga shi sama muka sauke, a'a ke nan. Da haka iyayenmu suka ba mu nono, da haka ake karɓar aure a garinmu. Alƙalin ba namu ba ne. Ya ga yarinya ta kaɗa kai, sai ya rungume ta, ya ɗaga hannu. Wasa ya ƙare.

Bai Grozdan ya yi ta ihu daga kusurwa da harshen da ba wanda ke ji a zauren. A takarda aka rubuta cewa ita ta ƙi ci gaba.

Rashin nasara bai dame ta ba kamar wannan rubutun. A kasuwa wata mai sayar da barkono ta ɗaga murya: "Ku ba da hanya, ga Hajiya A'a nan tafe!" Masu dariya suka yi. Waɗanda suka fi mata ciwo su ne masu tausayi, masu dafa kafaɗarta suna cewa tsoro ba abin kunya ba ne. Mai shirya wasan ya aiko da magana gajeriya: saura dama ɗaya, in hunturu ya wuce. In ta sake faɗuwa, babu sauran zance. Bistra kuwa ta san akwai keken ɗinki da ba kowa a kansa kusa da na uwarta.

Ta shiga tsayawa gaban madubi tana koyon i irin ta baƙi. Wata safiya uwar ta miƙo mata farantin banitsa, gurasar garinmu, mai zafi, cuku na narkewa a ciki.

"Za ki ci?"

Bistra ta ɗaga kai ta sauke. Uwar ta janye farantin.

"Mama, i nake nufi!"

"To a gidan nan ki yi min i irin ta mutane."

Bai Grozdan ya same ta gaban madubin ɗakin dambe, ya juya shi ya fuskanci bango.

"Wahalar banza kike yi. Ranar da naushi ya sauka a bayan kunne, duk abin da kika koya bana zubewa zai yi. Wanda uwarki ta koya miki tun kina cikin tsumma shi zai saura. Bar kan nan, ba zai iya ƙarya ba. Ƙafa za mu koya wa magana."

Sai ya riƙa juya ta kamar katantanwa, sau goma, har ɗakin ya kife mata, ya sake ta ta faɗi. Ya ƙirga takwas. Dole ta tashi, ta manna safa biyu a kumatu ta danne kan, ta tako gaba zuwa gare shi. Haka suka cinye hunturu, yana ƙirga yana tari. Kafin dusar ƙanƙara ta narke, tarin ya kwantar da shi. Ba da shi aka tafi Jamus ba.

Wasa na biyu turmi shida ne. A na biyar ta faɗi, bayan kunnen dai. Daga baya ta ce ba ta tuna tashinta. Abin da ta tuna shi ne fuskar alƙali na yawo kamar wata a cikin ruwa, da bakinsa na motsi, da wuyanta da ya fara juyawa shi kaɗai, yana neman faɗin gaskiya da yaren gida. Safar ta riga shi. Ta danne kumatu, ƙafar hagu ta taka gaba, ta dama ta biyo.

Alƙali ya matsa gefe.

Ta ci da maki, da ƙyar, ido ɗaya a rufe. Mai shirya wasan ya ba ta takardar wasa biyar. Har yau in alƙali ya matso ta, safarta na kumatu, masu sharhi suna cewa salonta ne.

Da ta sauka Sliven ba ta bi ta gida ba. Ta tarar da Bai Grozdan kwance, robar numfashi a hanci da baki, ya rame har karyayyen hancin ya yi wa fuskar yawa. Magana ta riga ta yi masa nisa. Ta zauna a bakin gado, iska na taɓa tagar.

"Kawu, ka gani? Mama ta ce ta riƙe maka waya ka kalli wasan."

Ya lumshe ido.

"Na faɗi fa. Na saki hannuna na dama ya bar kunnen a buɗe, kamar kullum." Ta matso kusa da shi. "Amma na yi daidai, Kawu?"

Tsohon ya daɗe yana kallon kumburarren idon. Sannan, a hankali, a kan matashin, ya kaɗa kai gefe da gefe.